Lambar Mota da Ƙa'idodin Sanya Ta a Jikin Motocin Tarihi

Kowace mota da ke tafiya bisa hanyar jama'a tana da suna, sunan nan kuwa shi ne lambarta. In mota ta banke mutum ta gudu, ba mai iya kai ƙarar launinta ko ƙirarta gaban alƙali, gama motoci masu launi ɗaya da ƙira ɗaya sun fi gaban ƙirga. Abin da mai shaida zai riƙe, ɗan sanda ya rubuta, a bi sawu da shi har ƙofar gidan mai motar, shi ne 'yan haruffa da alƙaluman nan da ke jikin allon gaba da na baya. Saboda haka ne hukumomin ƙasashe ba su bar wa mai mota zaɓi ba game da launin allon, da girman haruffansa, da inda za a ɗaura shi.

Amma akwai wasu motoci da a kan yi wa sassauci. Su ne tsofaffin motocin da masu su ke adanawa don sha'awa da tunawa da zamanin da aka ƙera su, waɗanda za a kira motocin tarihi a wannan darasi. Mutumin da ya kashe dukiya da shekaru yana gyaran motar 1965 har ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta, ba ya son ya manna mata allon zamani mai ƙyalli. A ganinsa kamar a naɗa wa dattijo rawani ne a ɗora masa hular 'yan ƙwallo a bisa. Hukuma kuwa tana son lambar da kowa zai iya karantawa dare da rana. Dokokin da za a bayyana a nan sulhu ne tsakanin waɗannan bukatu biyu. An fi ba da ƙarfi ga dokar Ingila, wadda ke aiki har Scotland da Wales, domin ita ce ta fi yin bayani filla-filla, kuma akwai 'yan Nijeriya da yawa mazauna can, da ɗalibai, da fatake, waɗanda kan sayi irin waɗannan motoci ba tare da sanin ƙa'idarsu ba.

Mafarin al'amarin

Birnin Paris na ƙasar Faransa ne ya fara tilasta wa motoci ɗaukar lamba, a shekarar 1893. Ƙasar Holan ta biyo baya a 1898 da tsari ɗaya na ƙasa baki ɗaya. A Amurka jihar New York ta umurci masu motoci a 1901 su rubuta haruffan farko na sunayensu a bayan motocinsu, kowa ya yi nasa allon da kansa, sai a 1903 jihar Massachusetts ta fara buga allunan tana rabawa. A wannan shekara ta 1903 majalisar dokokin Ingila ta zartar da dokar motoci wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1904. Dokar ta wajabta rajista da lamba, ta kuma ƙayyade gudu kada ya wuce mil 20 a sa'a. Lambar farko ta birnin London, watau A 1, wani basarake ne mai suna Earl Russell ya same ta.

Da motoci suka fara ƙetare iyakoki sai ƙasashe suka ga lalle a daidaita. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanyoyi da aka ƙulla a birnin Vienna a 1968 ta ce a rubuta lamba da alƙaluman da aka saba da manyan haruffan boko, kuma mutumin da ke tsaye daidai saitin motar ya iya karanta ta da rana daga nisan mita 40, motar tana tsaye. Wannan shi ne ma'aunin da ke ƙarƙashin dukan sauran ƙa'idodi, kuma sassaucin da a ke yi wa motar tarihi bai taɓa kaiwa ga yafe shi ba.

Yadda lambar Ingila ke faɗin shekarun mota

Kafin a fahimci dokar allon, sai an san yadda a ke karanta lambar kanta. Da farko harafi ɗaya ne ko biyu, masu nuna gundumar da ta yi rajista, sa'an nan alƙaluma har huɗu. Da lambobi suka fara ƙarewa a 1932 aka koma haruffa uku da alƙaluma uku, a 1953 kuma wasu gundumomi suka juya tsarin, alƙaluma a gaba haruffa a baya. Duk waɗannan ba su nuna shekara. A 1963 ne aka ƙara harafi ɗaya a ƙarshen lamba don ya faɗi shekarar rajista: A ita ce 1963, B 1964, C 1965, haka nan har gaba. A 1967 aka mayar da ranar sauya harafi zuwa 1 ga Agusta, shi ya sa harafin E ya yi wata bakwai kawai. An tsallake wasu haruffa irin su I da O, don kada su rikice da alƙaluman 1 da 0. Da aka kai Y a 1983 sai aka sake farawa daga A, wannan karon harafin shekara yana farkon lamba. Daga Satumba 2001 aka shiga tsarin haruffa biyu na yanki, da alƙaluma biyu na shekara, da haruffa uku a ƙarshe. Lambar watan Maris tana ɗaukar alƙaluman shekarar, ta Satumba kuwa a kan ƙara mata 50, watau 24 da 74 duk na 2024 ne.

Daga wannan tsari ne wata babbar ƙa'ida ta fito: an hana sanya wa mota lambar da za ta sa a ɗauka ta fi yadda ta ke sabunta. Mai sabuwar mota yana iya sayen tsohuwar lamba ya ɗaura, amma mai motar 1975 ba zai ɗaura lambar 1990 ba. Dalilin a fili ya ke, domin shekarun mota su ne rabin kuɗinta a kasuwa, wanda ya rage mata shekaru a lamba kuwa ya cuci mai saye.

Baƙin allo da farin rubutu

Daga 1904 har wajen shekara sittin allon lambar Ingila baƙi ne, haruffan farare ko ruwan azurfa ko ruwan toka. Da dare irin wannan allo ba ya ganuwa sai an matso shi ƙwarai. Cikin ƙarshen shekarun 1960 aka yarda da sabon allo mai mayar da hasken fitila, fari a gaba, rawaya a baya, haruffan baƙaƙe, aka kuma wajabta shi daga ranar 1 ga Janairu 1973. Amfaninsa bai tsaya ga karanta lamba ba. Motar da ta mutu a gefen hanya cikin duhu ba fitila, allon nan ne kan fara ƙyallawa a idon direban da ke tahowa.

Motocin da aka ƙera kafin wannan rana an bar su da baƙin allonsu, shekara da shekaru kuwa iyakar ke nan, kowa ya san ta. Abin da ya kawo ruɗani shi ne dokar haraji. A Ingila akwai wani rukunin haraji na motocin tarihi, wanda duk motar da ta shige shi ba ta biyan harajin hanya. Da can iyakar shigarsa ita ma 1973 ce. Daga baya gwamnati ta mayar da iyakar mai tafiya, watau duk ranar 1 ga Afrilu a kan karɓi motocin da suka cika shekara 40 da ƙerawa kafin 1 ga Janairun wannan shekara. Da ya ke an ɗaure ƙa'idar baƙin allo da ta haraji, sai daga Afrilu 2015 iyakar baƙin allo ita ma ta kama tafiya. Kowace shekara sai ga sabon rukunin motoci sun sami ikon sanya baƙin allo, alhali kuwa tun fitowarsu daga masana'anta da allo mai ƙyalli aka san su. Wannan ya saɓa wa manufar sassaucin, gama an yi shi ne don a bar mota da kamanninta na asali, ga shi ya zama hanyar ba ta kamannin da ba ta taɓa yi ba. In da an bar abin, da yawan motocin da ba su ganuwa da dare sai ya riƙa ƙaruwa shekara bisa shekara.

Saboda haka aka gyara dokar daga ranar 1 ga Janairu 2021, aka kafe iyakar wuri ɗaya. Hukumar rajistar motoci da direbobi, wadda a ke kira DVLA, mai hedkwata a garin Swansea na Wales, ta bayyana sharaɗin kamar haka: motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1980 tana iya ɗaukar baƙin allo, muddin mai ita ya nema wurin hukumar an shigar da ita rukunin harajin motocin tarihi. Wadda aka ƙera daga wannan rana zuwa gaba ba ta da wannan iko, kome tsufan da za ta yi nan gaba.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, don haka ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba misalai. Motar da aka ƙera a 1978 ta sami abu biyu, yafewar haraji da baƙin allo. Motar da aka ƙera a 1982 ta cancanci yafewar haraji tun 1 ga Afrilu 2023, takardarta tana iya cewa motar tarihi ce, amma in mai ita ya ɗaura mata baƙin allo ya karya doka. Iyakar haraji tana ci gaba da tafiya, ta allo ta tsaya cik. Sa'an nan a lura da kalmar da doka ta zaɓa: ranar ƙerawa a ke dubawa, ranar rajista ba ta yanke hukunci. Harafin V a ƙarshen lamba ya fara daga Agusta 1979 ya ƙare a Yuli 1980, watau ya hau kan iyakar, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Motoci biyu masu harafin V suna iya tsayawa gefe da gefe, ɗaya ta halatta da baƙin allo, ɗaya ta haramta. Haka kuma motar da aka ƙera a ƙarshen 1979 ta daɗe a shagon dillali ba a saya ba, har aka yi mata rajista da harafin W bayan Agusta 1980, tana iya shiga, in mai ita ya kawo shaidar ranar ƙerawa wadda hukuma ta yarda da ita, alal misali daga littattafan masana'anta. Bakin mai sayarwa ba shaida ba ne.

Akwai sauran sharuɗɗa na rukunin tarihin kansa. Mota ba ta shiga shi da kanta ranar da ta cika shekara 40. Sai an nema. Motar da a ke haya da ita, ko a ke sana'a da ita, ba ta samun yafewar. Kuma ko da ya ke ba a biyan ko kwabo, tilas ne mai motar ya sabunta harajin kowace shekara a takarda, ya kuma riƙe inshora. Tun ranar 20 ga Mayu 2018 motar da ta haura shekara 40, in ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce, an yafe mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da su ke kira MOT. Wasu kan ɗauka tun da ba mai gwaji da zai duba allonsu, sun kuɓuta. Ɗan sandan hanya yana nan, tarar sanya lamba ba bisa ƙa'ida ba tana iya kaiwa fam 1,000, hukuma kuma tana da ikon janye lambar ɗungum. Motar da ba a yafe wa gwajin ba, allon banza kaɗai ya isa ya kayar da ita.

Awo da ƙirar haruffa

Dokar nuna lambar rajista ta 2001 ta auna kome da milimita. A allon da aka yi daga 1 ga Satumba 2001, tsawon kowane harafi milimita 79 ne, faɗinsa 50 (ban da alƙalamin 1 da harafin I, da su ke sirara), kaurin zanen 14, tazara tsakanin harafi da harafi 11, tazara tsakanin rukuni da rukuni 33. Ƙirar haruffan ɗaya ce tilo, wadda a ke kira da sunan kamfanin Charles Wright. Allunan da suka riga wannan rana iri biyu ne: manya masu haruffa milimita 89 tsawo da 64 faɗi, da ƙanana masu 79 da 57. Motocin da aka ƙera kafin 1973 suna iya amfani da waɗannan tsofaffin awo. Abin da ba a yarda da shi ba ga kowace mota, sabuwa ko tsohuwa, shi ne rubutun kwance, ko mai ado, ko matse haruffa a raba wasu don lambar ta yi kama da suna, ko kafa kan ƙusa a inda zai mayar da wani harafi wani. Mai yin haka yana ganin wayo ya yi, doka kuwa tana ganin ɓoye lamba ne.

Wanda motarsa ba ta cancanci baƙin allo ba, in zai sake sabon allo, sai ya bi ƙa'idar yau ko da motar ta shekara arba'in da 'yan kai. Tun 1 ga Satumba 2021 sabon allo sai ya cika ma'aunin da a ke kira BS AU 145e, haruffan baƙi ƙirin launi ɗaya, da sunan wanda ya buga allon da lambar unguwarsa a ƙasa. Ba a sayen allo sai wurin mai bugawa da ke da rajista, shi kuma ba zai buga ba sai ya ga shaidar ko wane ne mai nema, da takardar da ta nuna lambar tasa ce.

Game da ɗaurawa, doka ta ce allon ya tsaya a miƙe, in ƙirar motar ta hana sai a kusanta shi da miƙewa gwargwadon iko, kuma na baya ya sami fitila da dare. Wannan ya daɗe yana damun masu motar Jaguar E-type da ta fito a 1961, wadda hancinta dogo ne mai gangare, ba wurin allo. Masu ita sun saba manna lambar a bisa murfin inji, inda ta fi fuskantar sama da mai tahowa. Babura kuwa an sauƙaƙa musu: tun 1975 aka daina tilasta allon gaba, wanda da can a kan kafa shi a tsaye bisa marfin tayar gaba kamar wuƙa, yana yanka mutane in an yi karo. Babur ɗin da aka yi wa rajista kafin 1 ga Satumba 2001 yana iya ɗaukar allon gaba in mai shi ya so, wanda ya biyo bayan ranar kuwa allon baya kaɗai aka yarda masa.

Tsananin nan yana da dalili na zamani. Yawancin masu karanta lamba a Ingila yau na'urorin ɗaukar hoto ne da ke kafe a bakin hanya, suna aika lambar ga kwamfuta ta duba haraji da inshora nan take. A London, inda aka kafa yankin tsabtar iska a Afrilu 2019 aka faɗaɗa shi ya game birnin duka a Agusta 2023, motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 12.50 kowace ranar da ta fita, motar da ke rukunin tarihi kuwa an yafe mata. Na'urar ba ta san tsohuwa da sabuwa ba sai ta lamba. In mai baƙin allo zai fita da motarsa ƙasashen waje, sai ya manna alamar UK a baya, wadda ta maye gurbin tsohuwar alamar GB daga 28 ga Satumba 2021.

Motar da lambarta ta ɓace

Sau da yawa a kan tsinci tsohuwar mota a rumbun gona ta shekara talatin ƙarƙashin ƙura, allonta yana jikinta, amma kwamfutar hukuma ba ta san ta ba, domin lokacin da aka kwashe rajista daga littattafan gundumomi zuwa Swansea ba wanda ya kai takardunta kafin a rufe ƙofa a 1983. Kasancewar allon a jikin motar bai ba mai ita ikon hawa hanya da lambar ba. Sai ya cika takardar da a ke kira V765, ya haɗa da tsohuwar shaida irin littafin rajista na asali, wata ƙungiyar masu irin wannan mota da hukuma ta amince da ita ta duba ta sa hannu. In an gamsu sai a mayar masa da lambar, bisa sharaɗin ba za a cire ta a sayar ba. In shaidar lambar ta gagara amma an tabbatar da shekarar ƙerawa, sai a ba shi wata lambar da ta dace da shekarun motar. In shekarun ma akwai shakka, sai a ba shi lamba mai farawa da harafin Q, wadda aka ƙirƙiro a 1983, kuma masu saye kan yi baya-baya da mota mai ita.

Sharaɗin hana sayarwa ba don wasa aka sa shi ba. Lamba dukiya ce a Ingila. Hukumar da kanta tana gwanjon lambobi tun 1989, a 2014 kuma an sayi lambar 25 O a kan kuɗi fiye da fam 500,000. In da ba a toshe ba, da mutane sun riƙa tono gawar mota don lambarta kawai, su yar da ƙarfen.

Sauran ƙasashe

Kowace ƙasa da nata hanyar. Jamus ba ta mayar da tsohon allo. Tun 1997 motar da ta shekara 30 da fara hawa hanya, in gwani ya duba ya shaida tana cikin kyakkyawan hali kuma kusa da asalinta, a kan ba ta allon zamani da harafin H a ƙarshe. Harajinta ƙayyadadde ne, yuro 191.73 a shekara, tana kuma shiga unguwannin da aka hana wa motoci masu hayaƙi. Akwai kuma jar lamba mai farawa da 07, wadda mai motoci da yawa kan yi amfani da ita ɗaya a kansu duka, amma don zuwa taron nuni da gwaji da gareji kawai. Faransa ma shekara 30 ta ɗauka. Mai motar ya kan nemi takardar rajista ta musamman, da shaidar masana'anta ko ta tarayyar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci, sa'an nan a yarda masa da baƙin allo, ko da lambar da ke kansa ta sabon tsarin 2009 ce. Holan ta bar wa motocin da suka riga 1978 allonsu mai shuɗi mai duhu. A Amurka kowace jiha da dokarta. California tana barin mai tsohuwar mota ya nemo allon asali na shekarar motarsa a yi masa rajista da shi, baƙaƙen allunanta masu rubutun rawaya na 1963 zuwa 1969 kuwa suna da daraja ƙwarai wurin masu sha'awa. Jihohi da dama kan ba da allon tarihi da araha, amma su taƙaita fita da motar ga bukukuwa da nune-nune.

In motar ta zo Nijeriya

Duk waɗannan sassauci na ƙasar da ta bayar ne, ba su bin mota zuwa wata ƙasa. Baƙin allon Ingila ko harafin H na Jamus ba shi da wani ƙarfi a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Baƙon da ya shigo da motarsa don ziyara yana tafiya da lambar ƙasarsa bisa izinin kwastan na ɗan lokaci, amma motar da aka shigo da ita don zama sai a biya kuɗin fito, a yi mata rajista a ofishin lasin na jiha, ta ɗauki lambar Nijeriya.

Tsarin lamba na bai ɗaya ya fara a 1992, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, aka kuma sabunta shi a 2011. A sabon tsarin haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu, da sunan jiha da kirarinta a sama, da taswirar ƙasa a bayan rubutun. Launin rubutun yana bin aikin motar: shuɗi na motar gida, ja na motar haya, kore na gwamnati. Shekarun mota ba su shiga wannan rabo ba. Saboda haka Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ko Volkswagen da aka harhaɗa a Legas a wannan zamani, ko da a Ingila da tuni sun shiga rukunin tarihi, a nan lambarsu irin ta motar da aka sayo jiya ce. Tsohon allo mai farawa da KN ko KD ko LA da magidanci ya gada tare da motar mahaifinsa abin adanawa ne, yana iya rataye shi a zaure ko ya jingina shi jikin motar a wurin nuni, amma ba ya maye gurbin lambar da ke cikin rajista. Dokar hukumar ta 2007 ta lissafa saɓa ƙa'idar lamba cikin laifuffukan hanya masu tara.

Wanda ke shirin sayo motar tarihi daga Ingila yana da abu biyu da zai bincika tun bai biya kuɗi ba. Na farko sitiyari. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama ya ke, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na hanya ranar 2 ga Afrilu 1972, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi, ƙa'idodin hanya na ƙasa na 2012 kuma sun hana mota mai sitiyari a dama. Mayar da shi hagu aiki ne mai tsada, in an ba makanikin da bai ƙware ba kuma mai haɗari, ga shi yana rage darajar motar wurin masu neman ta asali. Na biyu, akwai iyakar shekaru ga tsofaffin motocin da a ke shigowa da su, wadda gwamnati ta sha sauyawa, motar tarihi kuwa ta zarce kowace irin iyaka da aka taɓa sawa nesa ba kusa ba. Sai mai niyya ya je ofishin kwastan ya nemi bayani a rubuce kafin motar ta hau jirgin ruwa. In kuwa a cikin gida zai saya, ya gwada lambar shasi da ta inji da ke jikin ƙarfen da waɗanda ke takarda, harafi bayan harafi, ya kuma sa a duba masa lambar allon a rajistar Hukumar Kiyaye Haɗurra, a ga ko sunan motar da ya fito shi ne na wadda ke gabansa.